Francis Carco: Marubucin mutanen dare da aka manta da shi

Jama'a, wannan watan sai kun yi mini afuwa. Na san abin da kuka saba gani a wannan fili shi ne sharhin fim: wane ya iya aktin, wance ta kwafsa, wane darakta ya sake yi mana satar labarin Indiya. To, yau ba fim na kawo muku ba. Wani marubuci ne Bafaranshe da ya mutu tun 1958, wanda na tabbata a cikin masu karatu ɗari da wuya a samu ɗaya da ya taɓa jin sunansa. Kada wannan ya dame ku, don ko a Faransar ma yanzu ba kowa ya san shi ba. Sunansa Francis Carco, ana furta shi Faransis Karko. Wani littafinsa ne ya hana ni barci har kwana biyu, ya kuma tono mini wani abu da na binne shekara takwas, shi ya sa na ga ba zan iya yin shiru ba.

Yadda na haɗu da shi ma abin dariya ne. Ina bibiyar tsofaffin finafinan wata shahararriyar 'yar wasan Faransa ne, Jeanne Moreau, sai na ci karo da wani baƙi-da-fari na 1955 mai suna M'sieur la Caille. Fim ɗin bai burge ni can-can ba, gaskiya. Amma ina da wata ɗabi'a da abokaina ke yi mini tsiya a kanta, ba na tsallake sunayen da ake jerowa a farkon fim. A nan na ga an rubuta cewa daga littafin wani Francis Carco aka ɗauko labarin. Na ce wane ne kuma wannan? Da na shiga intanet sai na ga ashe ba ƙaramin mutum ba ne a zamaninsa. Littattafansa sun kai kusan ɗari. Shi ya rubuta labarin fim ɗin Paris-Béguin na 1931, wanda Jean Gabin ya fito a ciki tun yana sabon shiga. A wani fim kuma na 1938, Prisons de femmes, wato gidajen yarin mata, shi da kansa ya fito a matsayin marubuci Carco. A 1937 aka zaɓe shi cikin majalisar Goncourt, mutum goma kacal da ke yanke hukuncin wanda zai ci babbar kyautar ƙagaggen labari ta Faransa kowace shekara.

Ina da wani aboki mutumin Damagaram, malamin makaranta ne, da Faransanci ya yi duk karatunsa. Na kira shi a waya na ce, "Malam, ka san Francis Carco?" Ya ɗan yi shiru, sai ya ce, "Ɗan ƙwallo ne?" Na ce a'a, marubuci ne. Ya ce wallahi su dai su Victor Hugo da Zola da Camus aka karantar da su, wannan kam bai taɓa jin sa ba. Ka ji fa, mai karatu. Mutumin da a da yake raba wa wasu kyauta, yau ga malamin Faransanci na tambaya ko ɗan ƙwallo ne.

Bari mu koma baya kaɗan. Sunansa na yanka François Carcopino-Tusoli, kuma ba a Faransa aka haife shi ba. An haife shi a 1886 a garin Numeya, a tsibirin Niyu Kaledoniya da ke can cikin tekun Fasifik, gabas da Ostareliya. A lokacin Faransa ta mayar da tsibirin kurkuku. Daga 1864 zuwa 1897 ta kwashi fursunoni sama da 20,000 ta kai su can, masu kisa da ɓarayi da waɗanda suka yi wa gwamnati bore. Mahaifin Carco ma'aikacin gwamnati ne a wurin. Saboda haka abin da yaron ya buɗe ido ya gani daga tagar gidansu shi ne layin mutane ɗaure da sarƙa ana wucewa da su. Wani yaron da tsoro zai ji ya rufe taga. Shi kuwa tsayawa ya yi yana kallo, kuma in ka duba da kyau, har ya mutu bai bar bakin wannan taga ba. Duk rubutunsa a kan irin mutanen nan ne da ake wucewa da su.

A 1910 ya iso Paris, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba ko sisi, sai burin zama mawaƙi. Ya faɗa unguwar Montmartre, wani tudu a arewacin birnin inda haya ke da araha, inda kuma masu zane da marubuta da mawaƙa marasa abin hannu suka yi sansani. Irin rayuwarsu ce Faransawa ke kira bohem: ba aikin albashi, ba tabbacin abincin dare, yau ka kwana a ɗakin wannan gobe a na wancan, mai gidan haya na nemanka, mai abinci na bin ka bashi, amma kullum kana da yaƙinin wata rana duniya za ta san da kai. Duk wanda ya taɓa zama a ofisoshin 'yan fim ɗinmu ya ga samarin da ke wuni suna jiran a ba su fitowa ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Matattararsu wani ɗan gidan waƙa ne mai suna Lapin Agile, wanda Picasso ma ya zauna a ciki har ya yi zanensa. Waƙar da Carco ya rera a wurin ce ta sa aka karɓe shi cikin 'yan majalisar. A wannan duniyar ya san mawaƙa irin su Apollinaire da Max Jacob, da masu zane irin su Utrillo da Modigliani. Shi wannan Modigliani, Ba'italiye ne, Carco na cikin na farko-farkon da suka yabi aikinsa a rubuce, a 1919. Shekara guda bayan nan ya mutu cikin talauci da ciwo yana ɗan shekara 35. A 2015 kuwa aka sayar da zanensa guda ɗaya a kan dala miliyan 170. Duniya kenan!

Sai dai Montmartre ba ta masu fasaha kaɗai ba ce. In ka gangaro ƙasan tudun, wajen Pigalle, nan ne dandalin mata masu zaman kansu da kawalansu, da 'yan sane, da wasu samari masu yawo da wuƙa da jaridun lokacin suka laƙaba wa suna Apache, kamar dai mu ce 'yan daba. Abokan Carco da yawa wucewa kawai suke yi ta wurin. Shi kuwa zama ya yi. Ya koyi saran maganarsu, ya san wanda ke yi wa 'yan sanda leƙen asiri, ya san nawa mace ke kai wa kawalinta in gari ya waye. Daga nan ya fito da littafinsa na farko na ƙagaggen labari a 1914, Jésus-la-Caille, wanda aka yi fim ɗin da na ambata daga gare shi. Jarumin littafin wani yaro ne da a wurinmu ɗan daudu za a kira shi, kewaye da shi kuma ga wata karuwa, Fernande, ga kawalinta, ga wani munafuki mai sayar da 'yan'uwansa ga 'yan sanda. Babu mutumin kirki ko ɗaya da zai shigo ya yi musu nasiha. Kuma a 1914 ne fa.

Amma wanda ya hana ni barcin shi ne L'Homme traqué, wato mutumin da ake farauta, wanda ya fito a 1922 ya kuma ci babbar kyautar ƙagaggen labari ta Majalisar Harshen Faransanci a wannan shekarar. Tsohuwar fassararsa ta Turanci na samu na karanta a waya. Ga yadda labarin yake.

Lampieur ma'aikacin gidan burodi ne a kusa da Les Halles, babbar kasuwar kayan abinci ta Paris a wancan zamani, wadda ba ta barci. Aikin dare yake yi, shi kaɗai, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Ɗakin yana da 'yar taga da take daidai da daɓen titi. To, matan da ke tsayuwar dare a layin suna da wata al'ada: in yunwa ta kama su cikin sanyin asuba, sai su zo bakin tagar su jefo tsabar kuɗi su zuro igiya, shi kuma ya ɗaura musu burodi mai zafi su janye. Wani dare Lampieur ya bar aikinsa ya lallaɓa ya je ya kashe wata tsohuwa mai kula da gidan haya, ya kwashe kuɗin hayar da ta tara, ya dawo bakin tanderunsa. Ba wanda ya gan shi. Sai dai da ya dawo, ya tarar da igiya. Wata ta zo ta zuro, ta jira, ba a amsa ba. Ke nan akwai mace ɗaya a cikin birnin Paris da ta san cewa a daidai wannan lokaci mai burodi ba ya nan.

Shi ke nan labarin fa. Ba tseren mota, ba harbe-harbe, ba wani jami'in bincike mai hazaƙa. Igiya ce kawai. Wace ce ta zuro ta? Me ta sani? Ta gaya wa wani? Zarginsa ya faɗa kan wata mai suna Léontine. Ita ma ta lura da irin kallon da yake mata, ta fara gane abin da ke nan. Maimakon su guji juna sai suka manne, har suka koma zama tare. Shi ba ya iya barin ta ta yi nisa don kada ta tona shi, ita kuma tsoro da tausayi sun haɗu sun ɗaure ta. Kwana suke a ɗaki ɗaya, kowa na sauraren numfashin ɗan'uwansa. Ana ta tafiya a haka har ranar da 'yan sanda suka zo suka kama shi, kuma wallahi lokacin da na kai wurin sai na ji kamar an sauke wa mutumin kaya ne.

Masu sharhi sukan kwatanta littafin da na Dostoevsky, marubucin nan na Rasha, wanda ya fito a 1866, inda wani ɗalibi ya kashe tsohuwa mai ba da rance. Akwai kama, amma akwai babban bambanci. Ɗalibin can yana da dogon tunani da falsafar da ya kafa hujja da ita, a ƙarshe kuma ya kama hanyar tuba. Lampieur ba shi da falsafa, kuɗi kawai ya gani. Kuma in ka bi shi a hankali za ka ga ba tsohuwar yake tunawa ba, kansa yake ji. Tsoro ne zalla ke cin sa, kamar gara ta shiga azara. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ni kam ban taɓa ganin inda aka nuna mini kwikwiyon nan da ƙafafunsa huɗu yana bin mutum lungu-lungu kamar a wannan littafi ba, kuma ba tare da marubucin ya tsaya ya yi mini wa'azi ko na layi ɗaya ba.

To, yanzu bari in faɗi abin da ya sa littafin ya taɓa ni fiye da yadda zai taɓa wani.

Bayan na gama sakandare, kafin in samu shiga foliteknik, na yi wajen wata goma ina aikin dare a wani gidan burodi a garinmu. Mu shida ne. Mukan fara kwaɓa fulawa bayan Isha'i, mu jera gwangwanaye, wajen ƙarfe biyu zubin farko ya fito daga tanderu, kafin asuba mun gama sawa a leda don masu shayi da masu kai wa shaguna. Ni ne ƙaramin cikinsu, don haka ni aka ɗora wa sayar da na ɗai-ɗai ta wata 'yar taga da ke kallon lungu. Masu zuwa tagar nan cikin dare ba su da yawa: masu gadi, direbobin da suka yi dare, da wasu mata daga wani gida da ke bayan layin, wanda kowa ya san ko wane irin gida ne.

Akwai ɗaya daga cikinsu da kusan kullum sai ta zo wajen ƙarfe uku. Za ta girme ni da kamar shekara goma. Na naira ɗari take saya, ta ce a ba ta na gefen tanderu da ya ɗan ƙone. Kullum sai ta gaishe ni: "Sannu da aiki, ƙanena." Ni kuwa ban taɓa amsawa da baki ba. Ba na ma karɓar kuɗi daga hannunta, sai dai ta ajiye a kan dakalin tagar in ɗauka, in ajiye mata burodin a wurin. A raina ina ganin wannan shi ne tsoron Allah. Sauran ma'aikatan suna da wani suna da suke kiran ta da shi, wanda ba zan rubuta a nan ba, ni ma kuma da shi nake kiran ta in ta juya baya.

Wani dare cikin sanyin hunturu ta zo, bayan ta ajiye kuɗin sai ta zaro wata takarda daga cikin mayafinta. Ta ce, "Ƙanena, an ce kai ɗan boko ne. Don Allah duba mini abin da likita ya rubuta a nan." Na hangi takardar, ta asibiti ce, an ninke ta har ta fara yagewa. Na waiga na ga abokan aikina sun zuba mini ido suna murmushi. Sai na ce mata, "Aiki nake yi." Ta ce, "To, ba komai, Allah ya ba da sa'a." Ta mayar da takardarta, ta ɗauki burodinta ta tafi. Ta sake zuwa sau biyu ko uku, ba ta ƙara fito da takardar ba. Daga nan ba ta sake zuwa ba. Ni kuma ban tambayi kowa ba.

Shekara takwas ban tuna da matar nan ba, sai da na kai inda Léontine ta zuro igiya ba a amsa ba. Na ajiye wayar na tashi zaune. Ni ban kashe kowa ba, alhamdu lillahi. Amma ni ma an zuro mini igiya, kuma ina nan tsaye a wurin, na ƙi ɗaurawa. Karanta takardar nan ba zai ɗauke ni minti biyu ba. Abin da ya fi ci mini rai, ko sunanta na gaskiya ban sani ba, sai wancan na banza.

Wannan ne ya kawo ni ga sana'ata. Masu bin wannan fili sun san sau nawa na caccaki fim da cewa "babu darasi a cikinsa". Har yanzu ina nan a kan cewa mai shirya fim yana da haƙƙin al'umma a wuyansa, kuma ba zan taɓa goyon bayan a yi mana tallar alfasha da sunan fasaha ba. Amma ku tsaya mu duba irin darasin da muka saba nema. In aka sa karuwa a fim ɗinmu, mun san yadda za ta fito: tana taunar cingam, tana karkaɗa ƙafa, tana dariyar mugunta. In ɗan daba ne, ido ja, murya a shaƙe, ba uwa ba uba. Saura minti biyar a tashi sai a kawo ciwo ko haɗarin mota ko 'yan sanda, wani dattijo ya fuskanci kyamara ya ja aya, a rubuta alhamdu lillahi. Mai kallo ya tashi yana jin daɗi don shi ba irinsu ba ne. Irin waɗannan finafinan na girma ina kallo, da su kuma na je bakin tagar nan. Ba su koya mini cewa macen da ke wancan gefen tana iya rashin lafiya, tana iya kasa karanta takarda, tana son ƙonannen gefen burodi ba. Littafin wani Bafaranshe da ba ruwansa da wa'azi ne ya koya mini, bayan lokaci ya ƙure.

Kuma ba wai mu ba mu da masu irin wannan ƙarfin hali ba ne. Bature Gagare ya shiga duniyar 'yan ta'adda da miyagu a Ƙarshen Alewa Ƙasa tun 1982. Amma a cikin matasan da ke karanta littafi a waya yau, mutum nawa ne suka san shi? Da alama duk marubucin da ya leƙa lungu, shi ma a lungun ake barin sa.

Kada kuma a ce na mayar da Carco waliyyi. Yana da nasa. Ɗan ma'aikacin gwamnati ne da ya shiga cikin talakawa, in ya ga dama yana iya fita, su kuwa ba su da wurin zuwa. Da ya ga kasuwar irin wannan labari tana ci sai ya yi ta maimaita kansa, layi ɗaya, ruwan sama ɗaya, fitilar titi ɗaya, har wahalar mutane ta zama masa haja. Akwai ma wadda ta san shi ciki da bai ta kuma faɗi hakan. Katherine Mansfield, marubuciyar gajerun labarai 'yar ƙasar Niyu Zilan, ta so shi har ta yi kasadar bin sa garin Gray a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin yana soja mai raba wasiƙu, wurin kuma an hana matan sojoji da 'yan matansu zuwa. Soyayyar ba ta yi nisa ba. A 1916 ya saka ta a littafinsa Les Innocents a matsayin wata marubuciya mai kallon mutane kamar kayan aiki. Ita ma ta rama. A labarinta mai suna Je ne parle pas français, wanda ta rubuta a 1918, ta ƙirƙiri wani marubuci ɗan Paris mai daɗin baki da mataccen imani, masana kuma sun yarda da Carco take. Kowa ya ci naman ɗan'uwansa ya sayar. Marubuta, sai Allah!

Wani abin takaicin kuma, littafinsa Perversité na 1925, wata matashiyar marubuciya ce, Jean Rhys, ta fassara shi zuwa Turanci. Da aka buga a Amurka a 1928 sai aka sa sunan Ford Madox Ford a matsayin mai fassara, don shi ne sananne. Marubutanmu mata da aka taɓa yi wa haka a fim sun san zafin abin. Ita Rhys an manta da ita shekaru masu yawa, sai a 1966 ta dawo da Wide Sargasso Sea duniya ta sake waiwayar ta. Yau ga yadda reshe ya juye da mujiya: masu karatun Turanci da suka san sunan Carco, yawancinsu a cikin tarihin waɗannan mata biyu suka tsince shi, saurayin wance, wanda wance ta fassara.

Me ya sa aka manta da shi? A ganina dalilan uku ne ko huɗu. Na farko, duniyar da ya rubuta ta mutu kafin shi. A 1946 aka yi dokar rufe gidajen karuwai a Faransa. Montmartre ta koma wurin 'yan yawon buɗe ido. Kasuwar Les Halles ma, inda Lampieur ke gasa burodi, an tashe ta a 1969 aka mayar da ita Rungis a bayan gari, aka rushe rumfunan. Na biyu, saran magana ba ya daɗewa. Kalmar da 'yan layi ke yayi yau, bayan shekara talatin sai an nemo mai fassara. Na uku, waɗanda suka biyo bayansa sun fi shi tsauri. Céline ya fito a 1932 da harshen titi mai zafin da ya sa na Carco ya zama kamar ruwan sanyi, Simenon ya mamaye kasuwar labarin laifi, daga 1945 kuma aka fara buga jerin littattafan Série noire masu salon Amurka, bindiga da gudu. Bayan yaƙi matasa su Sartre da Camus suke so. Shi kansa Carco ya yi wani ɓangare na yaƙin a gudun hijira a Suwizalan, don matarsa Bayahudiya ce. Ya dawo ya tarar an yi gaba an bar shi. Ciwon karkarwar jiki ya kama shi, ya mutu a Paris a watan Mayun 1958 yana da shekara 71.

Abin da ya rage masa a birnin shi ne wani ɗan gajeren layi mai sunansa a unguwar Goutte d'Or, ba nisa da Montmartre, unguwar da baƙi 'yan Afirka suka yi yawa a cikinta. Na ga dacewar hakan. Da yana raye, ina jin a nan za a same shi zaune yana kallon masu wucewa.

Ga roƙona. Daga farkon 2029, bayan cikar shekara 70 da mutuwarsa, a dokar Faransa littattafansa za su zama na kowa, ba sai an nemi izini ba. 'Yan'uwanmu marubuta na Nijar da Allah ya ba harsunan biyu, don Allah wani ya daure ya juya mana L'Homme traqué zuwa Hausa, ba shi da tsawo. Daraktocinmu kuma da ke kukan rashin labari da rashin kuɗi, ga labarin da ba ya buƙatar komai sai gidan burodi, taga, igiya, da 'yan wasa biyu da suka iya yin shiru a gaban kyamara. Sai dai in za ku yi, ku ba Léontine ɗinku suna, ku ba ta uwa da garin da ta fito, ku bar mu mu ji muryarta.

Ni kuwa, ranar da na gama littafin, na hau babur na je tsohon layin namu. Gidan burodin yana nan, amma an toshe tagar da bulo. Gidan da ke baya an rushe shi an yi shaguna. Na ɗan tsaya, na sayi burodi a ƙofa, na ce a ba ni na gefe. Yaron da ke sayarwa ya dube ni kamar ya ga mahaukaci. Yayata, in kina raye, Allah ya ba ki lafiya, ya shirye mu baki ɗaya. In kin riga mu, Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ni ma ki yafe mini.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan finafinan da suka fito da Sallah.